Taura biyu a baki ɗaya: aikin manhaja ya karya mini maki, wanne zan saki?

Ɗalibin aji biyu:

Assalamu alaikum warahmatullah, malamai da yayye da sauran 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya hana ni barci tun ranar da aka liƙa sakamakon zangon karatu na farko. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar kwamfuta, ina aji biyu a ɗaya daga cikin jami'o'in tarayya da ke Arewa. Na kammala aji ɗaya da CGPA, wato matsakaicin makin duk zangunan da aka yi, 4.10 cikin 5, har ina sa ran cewa idan na ƙara ƙaimi zan taɓo 4.50 in fita da digiri mai daraja ta ɗaya. A lokacin dogon hutu na koyi yaren rubuta manhaja na PHP da rumbun adana bayanai na MySQL ta YouTube, sai kawuna ya haɗa ni da mai wata makarantar kuɗi a unguwarmu, wanda yake son a yi masa manhajar da za ta riƙa tattara makin ɗalibai tana fitar da takardar sakamako. Muka yi ciniki a kan naira dubu 150, ya ba ni dubu 50 kafin alƙalami.

A zatona aikin mako uku ne, amma sai ya cinye zangon baki ɗaya. Ina cikin lakca zai kira ni ya ce malamai sun kasa shigar da maki, ko ya ce yana son a ƙara hoton ɗalibi, ko a sauya launin tambarin makaranta. Na rasa gwaji biyu, kuma na shiga jarrabawa ban buɗe wasu darussan ba sai daren ranar. Sakamakon da na samu a zangon shi ne 2.30, tare da kariyoba a darasin lissafin diskirit mai yunit 3, wato lissafin da ilimin kwamfuta ya ginu a kansa. Ita kuma manhajar har yau ba ta daidaita ba: idan za a fitar da sakamakon aji ɗaya tana yi lami lafiya, amma idan aka ce na makarantar gaba ɗaya sai ta tsaya cak fiye da minti huɗu, wani lokaci ma ta mutu. Sunayen da ke da ƙ ko ɗ kuma suna fitowa da alamar tambaya. Saboda haka ya riƙe ragowar kuɗina. Abin da nake tambaya shi ne, in watsar da aikin in koma ga littafi, ko in yarda da masu cewa takardar digiri ba ita ce abin dubawa ba a wannan fanni?

Injiniyan manhaja daga Legas:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Da farko ina taya ka murna, domin kai a aji biyu ka riga ka ga abin da wasu ba sa gani sai bayan sun gama hidimar ƙasa, wato yadda mai aiki yake sauya magana da yadda manhaja take ƙin aiki a hannun mutanen gaske. Ni da 2.2 na fita, wato daraja ta biyu ta ƙasa, kuma a duk kamfanonin da na yi wa aiki babu inda aka taɓa tambayata abin da na samu a wani darasi. Abin da suke cewa shi ne in nuna musu shafina na GitHub, inda masu manhaja suke ajiye ayyukansu a intanet, sannan su ba ni matsala in warware a gabansu. A zamaninmu a takarda muke rubuta shirin kwamfuta a ɗakin jarrabawa, malami ya rage maka maki saboda ka manta da waƙafi mai ɗigo, alhali da a kwamfuta ne da ita kanta za ta nuna maka kuskuren cikin daƙiƙa guda. Ko gwamnati ta fahimci cewa akwai giɓi, shi ya sa ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 da burin horar da mutum miliyan 3 a fannin fasaha, kuma ba a ce sai mai digiri ba. Shawarata ita ce ka riƙe abin da zai fitar da kai daga jami'a lafiya, sauran ƙarfinka ka zuba shi a aiki.

Malamin jami'a:

Ina yi wa kowa sallama. Injiniya, ban musa abin da ka gani da idonka ba, amma ina jin tsoron yaron nan ya ɗauki labarinka a matsayin doka. Kafin mu shiga ra'ayi, bari mu yi lissafi, tunda shi ne sana'armu. Idan muka ƙaddara yana ɗaukar yunit 18 a kowane zango, to aji ɗaya ya ba shi yunit 36 a kan 4.10, wannan zangon kuma yunit 18 a kan 2.30. Idan aka haɗa, CGPA ɗinsa yanzu 3.50 ne daidai, wato yana tsaye a bakin gaɓa, domin daga 3.50 ne 2.1, wato daraja ta biyu ta sama, take farawa, ƙasa da haka ko da ɗigo guda an faɗa 2.2. Sa'annan ko da zai ci A a kowane darasi a zanguna biyar da suka rage masa, abin da zai iya kaiwa bai wuce kimanin 4.44 ba. Ma'ana, daraja ta ɗaya ta riga ta kuɓuce masa, kuma an sayar da ita ne a kan naira dubu 50. Ban faɗi haka don in karya masa gwiwa ba, sai don ya san farashin abin da ya saya, kuma ya san cewa 2.1 tana nan a hannunsa idan bai sake ta ba.

Game da cewa ba a tambayar takarda, gaskiya ne a wasu kamfanonin manhaja, amma duniya ba ta ƙare a nan ba. Bankuna da manyan kamfanoni da yawa suna tace masu neman aiki da darajar digiri tun kafin mutum ya samu damar buɗe baki, yawancin guraben tallafin digiri na biyu a ƙasashen waje suna neman 2.1 zuwa sama, haka ma wanda yake son koyarwa a jami'a. Yaro ɗan shekara 19 ko 20 bai san wace ƙofa zai buƙata nan da shekara 10 ba, to me zai sa ya rufe rabinsu tun yanzu? Akwai kuma abin da nake so zaure ya lura da shi. Waɗanda suka yi sakaci da karatu suka yi nasara, irin su injiniya, su ne suke zuwa su ba da labari. Waɗanda suka saki karatun, aikin ma bai kankama ba, har aka sallame su daga jami'a, ba sa zuwa zaure su yi bayani, amma ni ina ganinsu a ofishina duk shekara, wasu tare da iyayensu.

Tsohuwar ɗaliba, mai aiki a Abuja:

Barkanmu da wannan lokaci. Kafin in ce komai a kan taƙaddamar malam da injiniya, ina da tambaya ga ƙanenmu, domin ina zargin amsar tana cikin manhajar kanta. Idan za ka fitar da sakamakon makarantar gaba ɗaya, yaya kake ɗauko makin daga rumbun bayanai? Ɗalibai nawa ne, darussa nawa ne, kuma ka sanya wa teburin makin fihirisa, wato abin da muke kira indes?

Ɗalibin aji biyu:

Na gode, yaya. Ɗalibai kusan 1,200 ne, kowanne yana da darussa 12. Abin da na yi shi ne na ɗauko jerin ɗalibai, sai ga kowane ɗalibi in zagaya darussansa, ga kowane darasi kuma in aika tambaya zuwa rumbun a kawo mini makinsa. Gaskiya ban san batun indes ba, a bidiyon da na bi ba a ambace shi ba.

Tsohuwar ɗaliba, mai aiki a Abuja:

To ga bakin zaren. Ɗalibai 1,200 sau darussa 12 ya ba ka layi 14,400 a teburin maki, kuma kana aika tambaya sau 14,400. Tunda babu fihirisa, a kowace tambaya rumbun yana bin layukan nan ne ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman allura a cikin buhun gero, don haka jimillar abin da yake dubawa ta haura layi miliyan 200. A lokacin da kake gwaji da ɗalibai 30 ba za ka ji nauyin ba, saboda aikin ba ya ƙaruwa daidai da yawan ɗalibai: idan ɗaliban suka ninka sau 10, wahalar takan ninka sau 100. Idan ka sanya fihirisa a kan lambar ɗalibi da lambar darasi, rumbun zai riƙa gano layi cikin 'yan matakai kaɗan. Ka tuna cewa ko da hanyar raba jeri gida biyu kana zubar da rabi, matakai 14 sun ishe ka ka gano abu ɗaya a cikin 14,400. Mafi kyau ma shi ne ka daina aika dubban tambayoyi, ka haɗa teburan da umarnin JOIN ka ɗauko komai a tafiya ɗaya.

Abin da ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni dariya, shi ne darasin da ka faɗi. Teburin rumbun bayanai ba komai ba ne illa abin da ake koya muku a lissafin diskirit a babin tari da dangantaka. A kan wannan lissafin ne Edgar Codd na kamfanin IBM ya gina tsarin da ya wallafa a 1970, wanda MySQL da sauran 'yan'uwansa suke bi har yau. Wato ka bar ajin da ake bayanin maganin, ka je ɗaki kana fama da ciwon. Ni ma na yi irin wannan a zamanina, don haka ba gori nake yi maka ba.

Batun alamar tambaya kuwa, teburinka ko hanyar da ke haɗa PHP da rumbun tana kan tsohon tsarin latin1, wanda bai san da ƙ da ɗ da ɓ ba. Ka mayar da duka biyun zuwa utf8mb4, tsarin haruffan da ya san da su.

Ɗalibi daga Maraɗi:

Ina gaida zaure daga nan Nijar. Ina so in ƙara abu guda a kan maganar yaya, domin ya taɓa cin mu a wani aikin rukuni. Ɗan'uwa, ka gwada shigar da suna mai ɗauke da alamar hamza, kamar Sa'adatu ko Mas'udu, ka ga abin da zai faru. Idan kana liƙa abin da mutum ya rubuta kai tsaye cikin umarnin SQL, wato yaren da ake yi wa rumbun tambaya da shi, wannan 'yar alamar za ta yanke umarnin gida biyu, manhajar ta yi tuntuɓe. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ta ƙofar da Sa'adatu ta karya manhajar ba da niyya ba, ta nan ne mugu zai shiga da niyya ya sauya maki ko ya goge teburin. Maganin shi ne a tura umarni daban, bayanai daban, kuma PDO, wato ɓangaren PHP da ke magana da rumbun bayanai, yana da hanyar yin haka. Mu a nan da ƴ muke rubuta abin da kuke rubutawa da 'y, don haka sunan mutum guda yana iya shiga rumbu da siga biyu, bincike ya kasa haɗa su. Waɗannan matsaloli namu ne, mai bidiyo daga Indiya ko Amurka ba zai kawo su ba, tunda sunayen da yake gwaji da su ba su da lanƙwasa.

A tsarinmu digiri na farko shekara uku ne, kuma maki a kan 20 ake ba da shi, amma jarabar iri ɗaya ce. Da zarar ɗalibi ya iya haɗa shafin intanet sai 'yan'uwa su fara kawo masa aiki, shi kuma yana jin kunyar cewa a'a.

Injiniyan manhaja daga Legas:

Malam, na karɓi lissafinka, kuma na janye maganar da na yi mai nuna cewa 2.2 ta ishe shi, domin ban san yana tsaye a kan 3.50 ba. Amma ina roƙon zaure ya lura da abin da ya faru yanzun nan a gabanmu. Cikin sa'a guda yaron nan ya fahimci abin da ake nufi da nauyin algoridim, wato yawan aikin da matakan warware matsala suke ci, da amfanin fihirisa, da tsarin haruffa, da babbar ƙofar da ake kutsawa cikin manhaja. Da a allo aka rubuta masa su, da ya haddace ya zuba a jarrabawa ya manta kafin Sallah. Yanzu kuwa ba zai taɓa mantawa ba, saboda jiki magayi. Ina da abokan karatu da suka fita da babban sakamako, suna iya zayyana maka algoridim ɗin Dijkstra na gano hanya mafi kusa daga farko har ƙarshe, amma idan ka ba su kwamfuta ka ce su ɗora ƙaramin shafi a intanet sai gumi ya karyo musu. Su ma ba sa zuwa zaure su ba da labari.

Malamin jami'a:

A nan ba mu da saɓani, kuma dole in faɗi laifinmu. Aji mai ɗalibai ɗaruruwa, ɗakin gwaji mai kwamfutocin da rabinsu ba sa tashi, ga wuta da ba ta da alƙawari, malami guda ba zai iya zama ya duba shirin kowane ɗalibi layi-layi ba, shi ya sa ake komawa takarda. Hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fitar da sabon tsarin manhajar karatu na CCMAS a ƙarshen 2022, inda ta tsara kashi 70 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da ita, amma sauya takarda ya fi sauya ɗakin gwaji sauƙi. Saboda haka ni da kaina nake gaya wa ɗalibaina cewa wanda ya tsaya ga abin da na ba shi a aji kawai ya cuci kansa.

Inda na bambanta da kai shi ne irin aikin. Akwai tazara mai faɗi tsakanin aikin da ɗalibi ya ƙirƙira wa kansa da aikin da ya karɓi kuɗin wani a kansa. Na farko idan gwaji ya matso sai ka rufe kwamfuta, bayan mako biyu ka dawo ka tarar da shi inda ka bar shi. Na biyu kuwa ba kai ke da lokacinka ba, mai kuɗin ne ke da shi. Kuma ku dubi irin aikin da yaron ya karɓa: manhajar sakamakon makaranta, wadda buƙatarta take tashi a ƙarshen zango, daidai lokacin da shi ma jarrabawa take gabansa. Ba ƙwarewa ce ta karya masa maki ba, kalandar wani ce ta hau kan tasa.

Ɗalibin aji huɗu:

Da izinin malam, zan yi magana a matsayin wanda bai daɗe da dawowa daga SIWES ba, wato horon sanin makamar aiki da ake tura ɗalibai ma'aikatu. Ƙanena, tsarin karatunmu ya riga ya ware maka wata shida cur don irin wannan aikin, kuma shirin ba sabo ba ne, tun shekarun 1970 hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta kafa shi. Abin takaici shi ne yadda muke yi da shi. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu sun nemi ma'aikatar da wani ɗan'uwa yake, inda aikinsu bai wuce buga takarda da gyaran firinta ba, wasu ma sai a ƙarshe suke zama su cike littafin rahoton wata shida a dare biyu. Ni na yi sa'a na samu wani ƙaramin kamfani mai ma'aikata bakwai, ba su biya ni abin kirki ba, amma a can na fara ganin yadda wani yake karanta abin da na rubuta ya mayar mini da shi ya ce in sake. Sai dai ba su karɓe ni hannu rabbana ba, sun nemi ganin abin da na taɓa yi. Don haka wannan manhajar taka, idan ka gyara ta, ita ce za ta buɗe maka ƙofar SIWES mai kyau baɗi.

Sa'annan akwai hutu, da kuma abin da ba ma fata amma muka saba da shi. Yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma da aka dawo an ga bambanci ƙarara tsakanin waɗanda suka riƙe kwamfuta da waɗanda suka riƙe rimot. Masu sha'awar Google Summer of Code, shirin Google na koyon aikin manhaja a aikace, kuma su yi hattara, domin an tsara shi ne bisa hutun bazara na Turai da Amurka, mu kuwa sau da yawa lokacin yakan faɗa a tsakiyar zangonmu.

Tsohuwar ɗaliba, mai aiki a Abuja:

Ina so in faɗi yadda na yi, musamman saboda 'yan'uwa mata da na san suna karantawa ba sa magana. Mu ba mu da damar kwana a wajen wani aboki mai janareta, ko zama a cibiyar fasaha har tsakar dare, ga shi idan an koma gida hutu aikin gida yana jira. Da na ga lokacina bai kai na maza ba, sai na daina ɗaukar karatu da aiki a matsayin abu biyu. Duk abin da aka koyar a aji a mako, kafin Juma'a sai na rubuta shi ya zama shiri mai aiki. Da aka koya mana hanyoyin jera bayanai irin su jerin gwano da jibgi, na zauna na gina su da kaina a yaren Python ba tare da na ɗauko na wani ba. Da muka zo rumbun bayanai, na tsara wa mahaifiyata lissafin adashen da take riƙewa, mata 24 da zubinsu da ranar kwasar kowacce. Babu wanda ya biya ni, babu kuma wanda ya kira ni ina lakca. Kowane ɗan aiki ina ajiye shi a Git, manhajar da ke adana aiki da tarihin gyare-gyarensa, kuma ranar da na je neman aiki su ne na nuna. Abin da ban zata ba shi ne darussan da na yi wa haka su ne na fi cin maki a cikinsu, domin wanda ya kwana yana neman dalilin da ya sa shirinsa ya ƙi aiki ba ya buƙatar hadda.

Lokacina kuwa bayan sallar Asuba ne, kafin ɗaki ya tashi da hayaniya, da cajin da na tara a sashenmu da rana. Nakan sauke littattafan bayanin Python a kwamfuta don kada rashin data ya tsayar da ni, kuma akwai watan da laftof ɗina ya lalace, na ci gaba da Termux, manhajar da ke ba da damar rubuta shiri a waya. Ba daɗi, amma ya fi zama.

Ɗalibin aji biyu:

Allah ya saka muku da alheri. Tunda ana faɗin gaskiya, dole in ƙara wani abu da na ɓoye saboda kunya. Wani ɓangare mai yawa na manhajar ba ni na rubuta ba, ChatGPT nake tambaya in kwafa, idan ta kawo kuskure in sake kwafa masa kuskuren ya ba ni wani. Yanzu akwai fayil ɗin da nake tsoron taɓawa saboda ban san me ke cikinsa ba.

Injiniyan manhaja daga Legas:

Wannan kam ya sauya hoton, ƙanena, kuma a nan zan fi malam tsanani. Ni ina amfani da ƙirƙirarriyar basira kullum a wajen aiki, amma ina amfani da ita ne kamar yadda oga kafinta yake amfani da yaron shago, yana iya duba yankan da aka yi masa ya ce wannan ya karkace. Kai kuwa ka mayar da yaron shago oga. Ƙwarewar da nake kare maka ita tun ɗazu ba ita kake tarawa ba kenan, ka yi asarar makin, ba ka kuma samu cikakken ilimin aikin ba. Ka ɗauki wannan fayil ɗin da kake tsoro, ka bi shi layi bayan layi, duk layin da ba za ka iya bayyana shi da Hausa ga ƙanenka ba, kada ka wuce shi. Ka tambaye ta ta yi maka bayani idan ka so, amma gyaran ka yi shi da hannunka.

Malamin jami'a:

Mun sha gani a ranar kare aikin kammala digiri. Ɗalibi zai zo da manhaja mai ƙyalli, sai malamin waje ya nuna layi ɗaya ya ce a goge shi a faɗa masa me zai faru, daga nan sai ɗaki ya yi tsit.

Mahaifin wata ɗaliba:

Ku yi mini afuwa, ni ba ɗan fanninku ba ne, ɗan kasuwa ne, 'yata ce ta sanya ni a zauren don in riƙa fahimtar abin da take karantawa. Rabin bayananku sun wuce ni, amma akwai ɓangaren da na sani. Yarona, ka karɓi kuɗin mutum, kuma kawunka ne ya tsaya maka, don haka maganar ka watsar da aiki ka yi shiru ba ta taso ba. Ko dai ka kammala, ko ka mayar da abin da ka karɓa. Amma shi ma mai makarantar bai kyauta ba, domin a kasuwa idan an yi ciniki a kan buhu goma, mai saye ba ya dawowa kullum ya ce a ƙara masa mudu a kan kuɗin farko. Kuskurenku shi ne ba ku rubuta komai ba. Ka ɗauki kawunka ku je tare, ku zauna ku rubuta abin da ya rage a yi, ɗaya bayan ɗaya, da ranar gamawa da ranar biya, duk abin da ya ƙaru a kan wannan sabon ciniki ne. Ka kuma gaya masa a gaban kawunka cewa kai ɗalibi ne, akwai ranakun da wayarka za ta kasance a kashe. Shi mai makaranta ne, idan ɗalibinsa ne yake fita daga aji yana amsa waya ai ba zai yarda ba.

Ɗalibin aji biyu:

Assalamu alaikum. Na dawo bayan kwana tara in sanar da zaure inda aka kwana. Na sanya fihirisa kamar yadda yaya ta ce, kuma tun kafin in sake rubuta tambayar da JOIN, sakamakon da yake ɗaukar fiye da minti huɗu ya fara fitowa cikin 'yan daƙiƙoƙi, har na zaci wani abu ne ya lalace na sake gwadawa sau uku. Na gwada Sa'adatu, kuma ta karya manhajar kamar yadda ɗan'uwanmu na Maraɗi ya faɗa, yanzu ina kan mayar da fayilolin zuwa PDO, na gama huɗu saura bakwai. Baba, mun je da kawu ranar Asabar. Ba a rabu da ɗan ɗaga murya ba, amma an rubuta takarda: abubuwa biyar suka rage, ranar Asabar kawai zan riƙa zuwa, kuma daga mako biyu kafin jarrabawata babu kira sai na gama. Ya ba ni dubu 40, sauran sai an kammala. Malam, na je wajen mai kula da ajinmu mun duba yadda zan sake ɗaukar darasin diskirit baɗi, kuma na ari littafin tun yanzu na fara daga babin dangantaka.

Matsala ɗaya ta rage. Na mayar da komai utf8mb4, sababbin sunaye suna shiga daidai, amma tsofaffin da aka riga aka shigar ba su gyaru ba. Akwai hanyar dawo da su?

Tsohuwar ɗaliba, mai aiki a Abuja:

Ya danganta da abin da kake gani a cikin teburin kansa, ba a shafin manhajar ba. Idan a gurbin ƙ kana ganin wasu baƙin haruffa kamar Æ™, to bayanan suna nan, karanta su ne aka yi ba daidai ba, kuma ana iya juyo su, amma ka kwafi rumbun gaba ɗaya ka ajiye a gefe kafin ka taɓa komai. Idan kuwa alamar tambaya ce zalla aka adana, harafin asali ya tafi, kwamfuta ba ta da hanyar sanin ko ƙ ne ko ɗ ko ɓ. Sai ka rubuta tambaya ɗaya ta fito maka da duk sunayen da ke ɗauke da alamar, ka buga jerin a takarda, ka miƙa wa malaman azuzuwa su gyara daga rajistarsu. Wannan aikinsu ne, kada ka zauna kana yi musu shi a daren Lahadi alhali kana da lakca ƙarfe takwas na safiyar Litinin.